Tsaron kwamfutocin kamfani a Gombe: da wanne za ka fara kashe kuɗinka?

Kamfanin da ke da ma'aikata daga talatin zuwa ɗari a Gombe, ko asibitin kuɗi ne, ko injin gyaran shinkafa, ko dillalin magunguna mai rassa a Kumo da Bajoga, ko ƙaramin banki, rabin dukiyarsa yanzu tana cikin kwamfuta da waya. Wa ake bi bashi, nawa ne albashin wane, sunayen kwastomomi da lambobinsu, fayil ɗin marasa lafiya, hanyar shiga asusun banki. Ranar da mai kamfani ya ce a kare masa wannan dukiya, shawara uku ce kan zo teburinsa. Wani zai ce a sayo akwatin tsaro mai tsada, wato fayawol, a dasa shi a inda intanet ke shigowa. Wani zai ce a ba wani kamfani na Abuja ko Legas kwangila ya riƙa gadi daga can. Na uku, wanda ba a cika jin muryarsa ba domin ba shi da kayan sayarwa, zai ce a gyara tsarin cikin gida tukuna, ta yadda ba wanda zai taɓa wani abu sai an tabbatar shi ne, kuma abin ya shafi aikinsa.

Duka ukun suna da amfani, manyan kamfanoni ma haɗa su suke yi. Sai dai kuɗin da ake warewa a nan ba ya ɗaukar ukun a shekara guda. Don haka abin da ke gaban mai kamfani shi ne da wanne zai fara, wanne zai jira baɗi, wanne kuma zai iya haƙura da shi gaba ɗaya.

Kafin a auna su sai a san ta inda ɓarnar ke zuwa. Kusan kullum ta hanyoyi huɗu ne. Akwai saƙon yaudara, ta imel ko WhatsApp, da ke kai ma'aikaci wani shafin bogi ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa. Akwai wanda ya riga ya shiga akwatin imel na akanta ko na mai kawo muku kaya, ya zauna shiru yana karanta hirarku, sai ranar biyan kuɗi ya turo saƙo cewa an canza lambar asusu. Akwai manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle duk fayilolin kamfani a dare ɗaya ta nemi kuɗin fansa. Sai na huɗu, wanda ba ma son faɗa a fili: na gida, ko wanda yake aiki yanzu, ko wanda ya bar aiki amma har yau kalmar sirrinsa na buɗe ƙofa. Duk tsarin da aka kawo maka, ka ɗora shi a kan waɗannan huɗun ka ga nawa ya tare. Sannan ka ɗora shi a kan halin da muke ciki: wutar JED da ke zuwa ta tafi, layin intanet da ke yankewa, dala da ta tashi, a farashin hukuma, daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, da ƙwararren yaron da ka horar wanda gobe zai samu aiki a Abuja.

Mu fara da akwatin, tunda shi ne aka fi so. Dalilin son ba ɓoyayye ba ne: ana ganinsa, ana taɓa shi, yana da fitilu masu ƙyalli, kuma mai kamfani zai iya nuna wa baƙo ya ce ga tsaronmu. Akwai na kamfanoni irin su Fortinet da Sophos, akwai MikroTik mai araha da ya cika ofisoshinmu, akwai kuma pfSense da ake ɗorawa a kan ƙaramar kwamfuta. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin kamfani da duniya, ya hana na waje shigowa kai tsaye, ya toshe shafukan da aka san na 'yan damfara ne, ya haɗa reshen Kumo da hedikwata ta ɓoyayyar hanyar da ake kira VPN. Yana da wata fa'ida da ta dace da mu ƙwarai: za ka iya jona masa layi biyu, misali na MTN da Starlink, idan ɗaya ya faɗi ya koma kan ɗayan ba tare da kowa ya tashi daga kujerarsa ba. Ga kamfani mai rassa, wannan kaɗai ya isa dalilin mallakarsa.

Matsalarsa ita ce tunanin da aka gina shi a kai, wato duk wanda ke ciki namu ne, duk wanda ke waje abin zargi ne. Kamar gidan da aka yi wa doguwar katanga da maigadi a zaure, amma ɗakunan ciki duk labule ne kawai, babu ƙyaure. Wanda ya wuce zaure, ko da sallama ko da dabara, ya ga turaka ya ga rumbu. A cikin hanyoyi huɗun nan da na lissafa, akwatin yana iya rage ta farko da ta uku, amma ba shi da ta cewa a kan ta biyu da ta huɗu. Imel ɗin akanta yana buɗewa a wayarsa, a gidansa da ke Pantami, da datarsa, bai ma bi ta cikin akwatin ba.

Manyan da suka fi mu kuɗi sun ɗanɗana wannan. A ƙarshen 2013 aka sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, kuma masu kutsen sun shigo ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri. Daga wannan ƙaramar ƙofa suka ratsa har zuwa injinan karɓar kuɗi. A watan Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya tsayar da aiki na kwanaki, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, saboda wani tsohon asusun VPN da ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai ke buɗe shi. Dukansu suna da fayawol da ya fi duk wanda za a kawo maka.

Akwai kuma abin da mai sayarwa ba ya gaggawar faɗa. Akwatuna masu tsadar nan da lasisi suke aiki, ana sabunta shi duk shekara ko duk shekara uku, kuma da dala ake lissafinsa. Ranar da lasisin ya ƙare, fitilun za su ci gaba da ƙyalli, intanet zai ci gaba da wucewa, amma sabbin bayanan da yake gane cutar kwamfuta da su sun daina zuwa. Shi kansa akwatin ma abin hari ne, domin shi ne ke fuskantar titi. A 2018 an gano ɓaraka a MikroTik wadda aka bi aka kama dubban na'urori a duniya, kuma an sha samun irinta a VPN na manyan kamfanoni. Kamfanonin kan fitar da gyara, amma gyaran ba ya ɗora kansa. Idan babu mutum takamaimai da aikinsa ne ya duba wannan duk wata, ka sayi akwatin ne don kwanciyar hankali kawai.

Ga abin da ido kan gani idan an shiga ɗakin da ake ajiye waɗannan kaya a yawancin ofisoshinmu. Akwatin na kan kabad, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. A bayansa wayoyi sun cakuɗe, ba wadda aka rubuta wa suna. A bango an manna wata takarda da salatif, an rubuta kalmar sirrin waifai da biro, kuma ita ce manaja ke amfani da ita, ita ce masinja, ita ce baƙon da ya zo jiran Alhaji ya ce a taimaka masa da intanet. Injin kyamarorin tsaro na gefe, har yanzu da kalmar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta, an kuma buɗe masa hanya ta waje don mai gida ya riƙa kallon sito a wayarsa idan ya tafi Umara. Kwamfutar da ke riƙe da lissafin kamfani duka tana kan layi ɗaya da waɗannan. A irin wannan ɗaki, ko akwatin naira miliyan nawa ka ƙara, ba ka taɓa ciwon ba.

Hanya ta biyu, miƙa wa wasu, iri biyu ce, kuma ana yawan haɗe su a baki alhali ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce kwashe imel da fayiloli daga kwamfutar ofis a mayar da su rumbun manyan kamfanoni, irin Microsoft 365 ko Google Workspace. Ta biyu ita ce ɗaukar kamfanin tsaro da zai sa manhajarsa a kwamfutocinku, ma'aikatansa su riƙa sa ido dare da rana.

Ta farkon ina goyon bayanta ga kusan kowa, ba tare da dogon zance ba. Saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofis, idan tana ɗakin da babu sanyi, tana shan wutar janareta tana mutuwa tana tashi, ba za ta taɓa samun kulawar da waɗancan kamfanoni ke ba nasu ba. Abin lura kawai shi ne su rumbunsu suke tsarewa, ba mabuɗinka ba. Wanda ya samu kalmar sirrin akantarka zai shiga daga ko'ina a duniya, kuma a wurin rumbun shi akanta ne. Sannan a tuna da 14 ga Maris na 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, har bankuna suka yi ta fama. Duk aikin da ba zai iya tsayawa na yini guda ba, kamar rajistar marasa lafiya ko sayar da kaya a kanta, a tanadar masa yadda zai gudana idan layi ya ɗauke, ko da littafi da biro ne.

Ta biyun ce ke buƙatar natsuwa. Hujjarta mai ƙarfi ce, kuma lissafi ne mai sauƙi: mako yana da awa 168, ma'aikacinka na kwamfuta yana ofis kamar awa 40 zuwa 50. Masu garkuwa da bayanai sun san haka, shi ya sa suke son dare da ƙarshen mako da ranakun hutu. Kafa tawagar da za ta yi gadi ba dare ba rana na buƙatar mutum huɗu ko biyar ƙwararru, kuma babu matsakaicin kamfani a Gombe ko Bauchi da zai iya ɗaukar albashinsu, balle ya riƙe su. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere da ATBU a Bauchi suna yaye yara masu kai, amma wanda ya goge a wannan fanni kasuwarsa ta wuce jiha. Kamfanin gadi yana raba kuɗin waɗannan ƙwararru a kan kwastomomi da yawa, shi ya sa yake iya yi maka abin da ba za ka iya yi wa kanka ba.

To amma ka tambayi kanka me zai faru bayan sun gani. Ƙarfe biyun dare aka ga wata kwamfuta a ofishinku tana aika bayanai waje. Shin suna da ikon yanke ta daga layi nan take, ko imel za su turo wanda za a karanta ƙarfe tara na safe? Kwangiloli da yawa masu araha na biyun suke sayarwa. Idan kuma abin ya kai ga sai an zo da ƙafa, daga Abuja zuwa Gombe tafiyar yini ce a mota. Ba tare da mutum naku a ƙasa ba, wanda zai ɗaga waya ya je ya zare waya daga bango, gadin nesa rahoto ne kawai.

Haɗari na biyu ya fi wannan zurfi. Don su yi aikin, dole ka ba su mabuɗin komai. Idan aka shiga wurinsu, an shiga wurinka. A watan Yulin 2021 aka bi ta manhajar Kaseya, wadda irin waɗannan kamfanoni ke amfani da ita wajen kula da kwastomominsu, aka kulle bayanan kamfanoni da yawansu ya kai kusan 1,500. Kantunan Coop a Suwidin, kusan 800, sai da suka rufe domin injinan karɓar kuɗinsu sun tsaya, alhali su ba su yi laifin komai ba sai amincewa da ɗan kwangila. A 19 ga Yulin 2024 kuma, ba ma kutse ba, kuskure ne a sabuntawar da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows. Wannan ba hujjar guje musu ba ce, hujja ce ta kada ka ɗora rayuwar kamfaninka kacokan a hannun wani.

Doka ma ba ta yarda ka miƙa alhakin ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce idan bayanan mutane da ke hannunka suka fita ta yadda zai iya cutar da su, kana da awa 72 ka sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Tarar tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga waɗanda ke riƙe da bayanai masu yawa da muhimmanci, sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kai za a tambaya, domin kai mutane suka ba bayanansu.

Yanzu hanya ta uku, wadda ni a ganina ita ce ta farko. Tunanin ya samu sunansa na zero trust, wato ba a yarda da kowa sai an tabbatar, a 2010 daga wani mai nazari, John Kindervag, Google kuma ya gina nasa tsarin a kan irinsa bayan kutsen da aka yi masa a 2009, sannan hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da cikakken bayaninsa a 2020. Jigonsa shi ne zama a cikin ofis ba ya zama shaidar amana. Duk mai neman wani abu, a tabbatar da shi, a duba na'urar da ya zo da ita, a ba shi iya abin da aikinsa ke buƙata.

A ƙasa, a kamfani irin namu, ga yadda abin yake. Kowane ma'aikaci da asusunsa na shiga kwamfuta da sunansa, a daina kalmar sirri ɗaya ta sashen kuɗi da mutum biyar suka haddace. Kowane asusu mai muhimmanci, imel da banki da manhajar lissafi, a sa masa tabbaci na biyu bayan kalmar sirri. A nan ina ba da shawarar manhajar da ke fitar da lamba a waya, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, a kan saƙon tes, saboda dalili biyu: ana satar layin mutum ta hanyar sauya sim, sannan manhajar tana fitar da lambarta ko babu sabis, abin da wanda ya taɓa jiran saƙo a ƙauyen Dukku zai gane darajarsa. Sai a raba layin ofis gida-gida: kwamfutocin kuɗi daban, na sauran ma'aikata daban, kyamarori daban, waifai na baƙi daban, kuma baƙon ba ya ganin komai sai intanet. Wannan rabon ba ya buƙatar sabon akwati mai tsada, MikroTik ɗin da ke kan kabad ɗin nan zai iya, in an samu wanda ya iya saita shi. Ma'aikaci na yau da kullum kada ya zama yana da ikon ɗora manhaja a kwamfutar ofis. Ranar da mutum ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a rufe asusunsa kafin ya kai bakin titi.

Sai kwafin ajiya, wanda in da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, shi zan zaɓa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ofis. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗaya daga ciki ya zama a cire yake, ba ya jone da komai, domin manhajar garkuwa tana neman kwafin ajiya ta kulle shi tare da sauran. A watan Yunin 2017 cutar NotPetya ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk a faɗin duniya, asarar ta kai kusan dala miliyan 300. An ruwaito cewa kwafi ɗaya na sabar da ke riƙe da asusun ma'aikatansu ya tsira ne a ofishinsu na Gana, domin wuta ta ɗauke a can lokacin da cutar ke yawo, sabar tana kashe. Su sa'a ce ta cece su. Kai za ka iya yin haka da gangan, da faifan ajiya biyu da ake musanyawa duk mako, ɗaya na kwana a gidan mai kamfani. Kuma a riƙa gwada dawo da fayil daga ciki lokaci-lokaci, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko akwai komai a cikinsa ba.

Idan ka ɗora wannan tsari a kan hanyoyi huɗun, za ka ga ya taɓa dukansu. Kalmar sirrin da aka sata ba ta isa ita kaɗai ba. Cutar da ta shiga kwamfutar sakatariya ba ta samu hanyar zuwa ta lissafi ba, in ma ta samu akwai kwafi. Na gida yana ganin iya rabonsa, kuma duk abin da ya taɓa da sunansa a jiki. Canjin lambar asusu kuwa maganinsa ba na'ura ba ce sam, doka ce ta ofis: duk saƙon da ya ce an canza asusu, ba a biya sai an kira mutumin a lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma biyan da ya wuce wani adadi sai mutum biyu sun amince. Kuɗin duk wannan kaɗan ne in an kwatanta da sauran biyun, kuma yawancinsa da naira ne, ladan aikin mai saitawa.

Me ya sa to ba a yi? Domin tsadarsa a wani wuri take. Kasuwancinmu a kan amana da zumunci aka gina shi. Akanta ɗan yayar mai gida ne, mai kula da sito sun yi makarantar allo tare, manaja ya shekara ashirin a gidan. Ka je ka ce wa irin wannan manaja daga yau ba zai ga fayil ɗin albashi ba, sai ya dube ka ya ce, "Yanzu ni ne ba a yarda da ni ba?" Kuma da gaske ransa ya ɓaci. Amsar da na ga tana shiga ita ce a nuna masa cewa kariyarsa ce. "Baba, in aka yi ɓarna da kalmar sirrin da mutum biyar suka sani, ku biyar ɗin za a zarga. In kowa da tasa, sunanka ya fita." Dattijon da ya san zafin zargi yakan karɓi wannan. Wanda ya fi wuya shi ne mai kamfanin kansa. Shi ne ke son kalmar sirri ɗaya ga komai, shi ne ke miƙa wa yaronsa waya ya ce duba min saƙon nan, shi ne ke cewa a cire masa wannan lambar ta biyu tana ɓata masa lokaci. Asusunsa kuma shi ne wanda ɓarayi suka fi nema, domin saƙon da ya fito daga Alhaji ba a tambayar dalilinsa. Sai an samu mai ƙarfin halin da zai ce, "Ranka ya daɗe, da kai za a fara," tsarin yake tsayawa. Idan mai gida ya keɓe kansa, cikin wata biyu kowa ya koma gidan jiya.

Tsarin yana da nasa raunin, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ba ya gani da dare. Yana rage ɓarna ne, ba ya faɗa maka an shigo. Wasu tsofaffin manhajojin lissafi da na asibiti ba sa aiki sai an ba mai amfani cikakken iko, sai dai a killace kwamfutarsu a nata layin. Ba ya kuma zama a kan Windows na sata wanda ba ya karɓar gyara. Cutar WannaCry da ta durƙusar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ta bi ta ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar wa gyara tun watan Maris, waɗanda ba su ɗora ba su ta ci. Ga shi kuma Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma tsofaffin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Kuɗin sauya su yana cikin kuɗin tsaro, ko da ba a saba lissafa shi a can ba. A kuma yi hattara da mai zuwa ya ce zai sayar maka da wannan tsari a kwali. Kayan aiki na taimakawa, amma yawancinsa shawara ce da mai kamfani zai yanke, ya kuma tsaya a kanta.

Ga wanda ke sayar da hatsi ko shinkafa ko kayan gini, wanda babban haɗarinsa biyan kuɗi ga asusun bogi ne, hanya ta uku da mayar da imel rumbun manyan kamfanoni sun ishe shi shekarar farko, watakila ma har gaba. Akwatin da yake da shi a saita shi da kyau, kada a sayi sabo. Asibiti da makaranta, masu riƙe da sirrin mutane, su ma daga nan za su fara, amma su fi ba kwafin ajiya da rabon layi ƙarfi, domin asibitin da fayilolinsa suka kulle da safiyar Litinin rayuka ne a layi. Kamfani mai rassa uku ko huɗu da ke aiki da saba ɗaya, shi ne wanda akwati mai lasisi ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin an rubuta kuɗin sabuntawa na shekara uku a kasafi tun ranar saye, an kuma sa tabbaci na biyu a kan VPN ɗin. Ƙaramin banki kuwa zaɓinsa ya ragu, domin Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet ga irin waɗannan cibiyoyi a 2022, ya ɗora alhakin a wuyan hukumar gudanarwarsu. Shi gadin dare da rana ya zama masa dole, kuma kusan tabbas daga waje zai ɗauko shi.

Duk wanda zai ɗauki kamfanin gadi, ya yi haka bayan ya gyara cikin gida, in ba haka ba zai riƙa biyan kuɗi ana turo masa ƙararrawar da ba ta ƙarewa. Kafin sa hannu kuma a rubuta waɗannan a takarda: cikin minti nawa za su ɗauki mataki, ba su sanar kawai ba, wa zai zo Gombe in ta kama, kuma wa zai biya kuɗin tafiyar, da naira za a biya ko farashin na bin dala, su waye cikin ma'aikatansu ke iya shiga kwamfutocinku, kuma ko su ma suna amfani da tabbaci na biyu. Babban asusun da ke iko da imel da rumbun kamfani, da rajistar sunan shafinku na intanet, su kasance da sunan kamfanin, kalmar sirrinsu a ambulan a cikin sef na mai gida. Ɗan kwangila a buɗe masa nasa asusun daban, wanda za a iya rufewa ranar da kwangila ta ƙare ba tare da an roƙe shi komai ba.